Jeka-ka-dawo ko zama a makaranta: wanne ya fi wa ɗalibar jami'a a wannan tsadar?

Yayan Ɗaliba, Hotoro:
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan uwana na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya raba kan gidanmu. Ƙanwata ta samu gurbin karatu a Jami'ar Bayero (BUK), kuma sashen da aka ba ta yana sabuwar jami'a, a kan titin Gwarzo. Mu kuwa a Hotoro muke zaune, wato gida yana gabashin gari makaranta tana yammacinsa, sai ta keta Kano gaba ɗaya kafin ta shiga aji, ta kuma sake ketawa kafin ta kwanta. Mahaifinmu ya tsaya a kan ta riƙa zuwa daga gida, domin a ganinsa 'ya mace ba ta kwana a waje matuƙar gari ɗaya take da makarantarta. Mahaifiyarmu kuma tana tsoron kada wahalar hanya ta cinye karatun.

Ni ne zan ɗauki nauyin kuɗin mota, saboda haka na zauna na yi lissafi. Da wuya ta samu adaidaita sahu ɗaya da zai ɗauke ta daga unguwarmu har ƙofar makaranta in ba shata ta ɗauka ba, dole sai ta yi hawa biyu ko uku, ta biyo titin BUK ta wuce Gadon Ƙaya da Kabuga da Rijiyar Zaki. Mu ƙaddara zuwa da dawowa naira 2,000 ne a rana. A kwana 20 na wata ya zama naira 40,000, fiye da rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, kuma ba a sa abincin rana ko kuɗin buga takardu a ciki ba. Kuɗin zan iya ƙoƙartawa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokacin da za ta riƙa zubarwa a hanya da ƙarfin da zai rage mata idan ta dawo. Waɗanda suka yi jeka-ka-dawo a jami'a, da iyayen da suka ɗauki nauyin masu yi, don Allah ku faɗa mini gaskiyar abin da ke ciki.

Tsohon Ɗalibin Samaru:
Wa alaikumus salam. Malam, ra'ayina a fili yake: in har za ta samu gado a ɗakin kwanan ɗalibai, ta zauna a makaranta. Na yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma muna da abokan aji 'yan asalin Zariya da suke zuwa daga cikin birni da Tudun Wada, su biyo ta Kwangila su iso Samaru. Ba su fi mu ƙarancin basira ba, wasunsu ma sun fi mu, amma da an yi la'asar hankalinsu ya koma kan hanya. Mu kuwa a lokacin ne rabin karatunmu yake farawa. Bayan magariba ake haɗuwa a warware tambayoyin jarrabawar shekarun baya, a lokacin ne ɗalibin da ya fahimci darasi yake tara 'yan aji ya sake yi musu bayani, a lokacin ne mutum yake samun wuri a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim ya zauna da littafi ba tare da yana duba agogo ba. Mutane suna ɗaukar jami'a a matsayin wurin da ake zuwa a saurari lacca a dawo, alhali laccar ita ce mafi ƙanƙantar abin da ake samu a can. Ɗalibin jeka-ka-dawo yana biyan kuɗin makaranta daidai da na kowa, amma ba duk abin da ya biya yake samu ba.

Hajiya, Uwar Ɗalibai:
Ɗana na Samaru, maganarka tana da kyau, amma kada a mayar da mahaifin yarinyar nan kamar wanda bai san abin da yake yi ba. Na yaye 'ya'ya a jami'a, wasu daga gida wasu daga makaranta, kuma na ga kowane ɓangare. Shi mai tambaya ya lissafa kuɗin mota, bai lissafa kuɗin zama ba. Yarinyar da take gida tana cin tukunyar da aka riga aka ɗora wa kowa. Wadda take makaranta kuwa tukunya ce ta biyu aka buɗe wa gida: shinkafarta daban, manta daban, gas ko kananzirinta daban, sabulu da ruwa da magani duk daban. Idan aka tara wannan a wata, ba lallai ne ya gaza kuɗin adaidaita ba.

Sannan wa ya ce gadon yana nan yana jiranta? Jami'o'in gwamnati da yawa ba su da ɗakunan da za su ishe ɗalibansu, shi ya sa unguwanni irin su Danbare suka cika da gidajen hayar ɗalibai. Haya kuwa ta shekara ake biya, kuma mai gida ba ruwansa da ko ana karatu ko ba a yi. Ku tuna yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda aka fara ranar 14 ga Fabrairu ba a janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas ɗakunan nan suna kulle, yara suna gida, kuɗin haya yana tafiya. Wanda yake zuwa daga gida bai yi asarar ko kwabo ba a wannan fuskar. Kuma ba zan ɓoye ba, yarinyar da ta fito daga sakandare jiya, ni na fi son in ga fuskarta kowane dare, in san da wa take tafiya, in gane idan wani abu yana damunta tun kafin ta furta.

Ɗalibar Aji Uku:
Ina gaida iyayena. Mama Hajiya, ki yi mini afuwa zan ɗan saɓa miki, domin ni yanzu haka a cikin abin nake. Ba a Kano nake karatu ba, amma daga gida nake zuwa tun ajin farko, kuma akwai abubuwan da ba a ganinsu sai an shiga.

Na farko shi ne jadawalin darussa. Sau da yawa za a sa mana lacca da ƙarfe 8 na safe, ta gaba kuma sai ƙarfe 4 na yamma. 'Yar ɗakin kwana za ta koma ta dafa abinci ta yi wanka ta ɗan runtsa ta dawo da ƙarfinta. Ni ba zan iya komawa gida ba, domin hakan kuɗin mota biyu ne a rana ɗaya, sai in yini a masallacin mata ko a gindin bishiya, in sayi abinci da kuɗin da aka ce na rage ta hanyar zama a gida. Akwai kuma ranar da mutum zai fito tun gari bai gama wayewa ba, ya biya kuɗinsa, ya iso, sai wakilin aji ya sanar cewa malami ba zai samu zuwa ba. Akwai ranar da cunkoso zai riƙe ka ka tarar an rufe ƙofa, ko an yi gwajin ba-zata an gama, kuma jami'o'i da dama suna da ƙa'idar cewa sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin 100 na darussa kafin ya zauna jarrabawa. Takardar sa hannu ba ta tambayar daga ina ka taso.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi, kuma ba a cika faɗarsa ba, shi ne 'ya mace in tana kwana a gida ba a ɗaukarta ɗaliba, 'yar gida ce da take zuwa makaranta. Zan dawo bayan magariba a gajiye, in tarar da wanke-wanke yana jirana, ƙannena suna jiran in duba musu aikin gida, in an yi baƙi ni ce mai shiga kicin. Ba mugunta ake yi mini ba, iyayena suna ƙaunata kuma suna son karatuna, amma ido yana ganina a gida, hannu kuwa ana buƙatarsa. Ƙanena namiji da yake jeka-ka-dawo kamar ni, in ya dawo ɗakinsa yake shiga ya rufe. Saboda haka, Yaya mai tambaya, in har aka tsaya a kan ta riƙa zuwa daga gida, ka nema mata alƙawari tun yanzu a gaban Baba da Mama cewa daga isha'i zuwa lokacin barci nata ne, kuma a makonnin jarrabawa an ɗauke mata aiki gaba ɗaya. Wannan ya fi kuɗin motar muhimmanci.

Mai Adaidaita, Rijiyar Zaki:
Salamu alaikum. Ni sana'ata ke nan, kuma ɗalibai su ne yawancin fasinjojina da safe, don haka bari in faɗi abin da na sani. Mutane suna ganin mu ne muke tsawwala kuɗi, amma ku duba inda abin ya taso. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Da aka cire tallafi, cikin 'yan kwanaki ta haura naira 500, a Oktoban 2024 kuma ta haura naira 1,000. Yawancinmu ba mu ne masu mashin ɗin ba, kullum akwai balas da za mu kai wa mai shi ko an samu ko ba a samu ba, ga kuɗin haraji, ga baƙin mai, ga taya, ga gyara. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, nauyin jigilar gari ya dawo kanmu, kuma kowa ya ga yadda gari ya tsaya lokacin da 'yan adaidaita suka yi yajin aiki a Janairun 2022, ɗalibai da ma'aikata suna takawa a ƙasa.

Shawarata ita ce kada ta riƙa tsayawa a bakin titi tana tarar mashin kowace safiya. A nemi ɗalibai mata uku 'yan unguwa ɗaya masu zuwa wuri ɗaya, a samu direban da aka san gidansu da iyayensa, a yi yarjejeniyar wata da shi. Shi ya samu tabbacin lodin safe, su kuma sun huta da sauka da hawa, kuma iyaye sun san a hannun wa 'ya'yansu suke. Inda matsalar take shi ne dawowa, domin ba lokaci ɗaya suke tashi ba, direba kuma ba zai iya ajiye mashin yana jiran mutum ɗaya ba.

Malamin Jami'a:
Na karanta bayanin ɗalibar nan ta aji uku sau biyu, kuma ina roƙon abokan aikina da suke cikin zauren nan su ma su karanta. Abin da ta faɗa a kan jadawali gaskiya ne, kuma yana da dalili, ko da yake dalilin ba ya wanke mu. Ɗalibai sun yi wa ɗakunan lacca yawa. Babban zaure ɗaya sassa da dama ne suke rububinsa, musamman saboda darussan bai-ɗaya da ake tara ɗaruruwan 'yan ajin farko a cikinsu, don haka mai tsara jadawali yana neman inda zaure yake a sake ne, ba inda ya dace da ɗalibi ba. An gina tsarin ne tun zamanin da ake ɗauka cewa ɗalibin jami'a a cikin jami'a yake kwana, ana ba shi abinci, tafiyar minti kaɗan ce tsakanin gadonsa da ajinsa. Wannan zamanin ya wuce, amma jadawalin bai sauya ba.

Abin da nake jayayya a kansa a tarukan sashe shi ne cewa mafi arhar taimakon da jami'a za ta yi wa ɗalibin jeka-ka-dawo ba sayen motoci ba ne, gyaran jadawali ne. Idan aka harhaɗa darussan aji ɗaya a jere, aka tara su a kwana huɗu maimakon biyar, an rage wa kowane ɗalibi kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin motarsa ba tare da an kashe sisi ba. Idan malami ya san ba zai zo ba ya sanar da wakilin aji tun daren jiya, ya tsare wa yara masu yawa kuɗin da iyayensu suka sha wuya kafin su samu. Wanda ya bar ɗalibai suka taso daga nesa a banza alhali yana da waya a aljihunsa, ya ɗauki hakki, kuma ba na jin akwai wani uzuri a nan.

Ga mai tambaya kuma, kada ku yanke hukunci kafin ku ga jadawalinta. Mai karatun kimiyya da take da aikin ɗakin gwaji har yamma ba ɗaya take da wadda darussanta suke ƙarewa da azahar ba. Sannan ku duba bashin karatu na NELFUND, asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai rance, wanda aka buɗe shafin nemansa a Mayun 2024. Ba shi da kuɗin ruwa, yana biyan kuɗin makaranta, kuma yana ba da naira 20,000 a wata na ɗawainiya. Sai dai ku raba wannan kuɗin a kan kwana 20 na zuwa makaranta, za ku ga naira 1,000 ce a rana, rabin abin da ka ƙiyasta ke nan. Taimako ne, amma ba zai ɗauke maka nauyin ba, kuma bashi ne da za ta fara biya shekara biyu bayan ta gama hidimar ƙasa.

Basakkwace:
Malam ya yi magana mai nauyi. Ina so in ƙara cewa wani lokacin hanyar ce kanta take yanke hukunci. Mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana wajen gari, ta Dundaye, sai an ƙetare fadama kafin a isa. A ambaliyar 2010 ruwa ya yanke hanyar da ta haɗa jami'ar da cikin Sakkwato, kowa ya ga abin da ake nufi da makaranta ta dogara da hanya ɗaya. An kai jami'o'inmu bayan gari domin a samu fili, sannan aka bar ɗalibi da tunanin yadda zai isa.

Ɗan Yamai:
Gaisuwa daga Nijar. Mu ma Jami'ar Abdu Mumuni tana ƙetaren kogi, a Harobanda, yawancin gari kuwa yana wancan gefen, saboda haka ɗalibi da yawa sai ya hau gadar Kennedy safe da yamma, ko a taksi ko a ƙananan motocin bas da muke kira faba-faba ko a ƙasa. Bambancin da na gani shi ne a wurinmu ƙungiyar ɗalibai tana ɗaukar motocin jigila a matsayin hakki, daidai da kuɗin tallafi da abinci da wurin kwana, kuma in za ta gabatar da buƙatunta ga hukuma da wuya a rasa maganar bas a ciki. Ba na cewa motocin suna isa. Amma ina mamakin yadda a tattaunawar nan kowa yake neman yadda gida ɗaya zai yi dabara, ba wanda ya ce ɗalibai su haɗu su nema.

Tsohon Ɗalibin Samaru:
Hajiya, ina girmama damuwarki a kan tarbiyya, kuma maganar hayar 2022 ta shige ni. Amma a yi adalci wajen auna haɗari. Ana maganar abin da zai iya samun yarinya a ɗakin kwana, ba a maganar abin da zai iya samunta a hanya. Ɗakin kwanan mata yana da masu gadi da lokacin rufe ƙofa da uwar ɗaki mai kula. Wadda ta tashi daga lacca ƙarfe 6 na yamma kuwa magariba za ta riske ta a titi, tana sauya mashin a wuraren da kowa a Kano ya san ana fama da masu ƙwacen waya, tare da mutanen da ba ta taɓa gani ba, kuma haka za ta yi kusan kullum har shekara huɗu. Ni a ganina wannan ya fi zama abin tsoro.

Hajiya, Uwar Ɗalibai:
Wannan gaskiya ce, ɗana, ban musa ba. Shi ya sa shawarar mai adaidaita ta kwanta mini. Akwai kuma hanya ta uku da ba a ambata ba. In suna da 'yan uwa na jiki a Kabuga ko Janbulo ko Rijiyar Zaki, ta riƙa kwana a can daga Litinin zuwa Alhamis, ta dawo gida ranar Juma'a. Mahaifinta zai fi samun natsuwa da gidan ƙanwarsa ko yayarsa a kan ɗakin haya. 'Yata ta aji uku kuma, maganarki ta taɓa ni, domin na san gidaje da yawa da ake yin haka ba tare da an lura ba.

Ɗalibar Aji Uku:
Na gode, Mama. Sai dai a kan zaman gidan 'yan uwa a yi hattara. A gidanku kina iya cewa kin gaji a ji ki. A gidan gwaggo kunya ba za ta bar ki ba, ke ce za ki fara tashi ki ƙarshe kwanciya don kada a ce 'yar wane ba ta da tarbiyya. In za a yi haka, manya su yi maganar a tsakaninsu tun farko, a kai mata abincinta ko a riƙa taimaka wa gidan da wani abu, domin ta zauna da mutuncinta ba a matsayin mai cin arziki ba.

Yayan Ɗaliba, Hotoro:
Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa mahaifiyarmu bayanan nan, kuma da dare zan zauna da Baba. Abin da zan gabatar masa shi ne ta nemi gado a makaranta ko da ba a yanke shawara ba, domin in lokacin nema ya wuce babu sauran zaɓi, sannan mu jira jadawali kamar yadda Malam ya ce. In ya tsaya a kan ra'ayinsa ba zan ja da shi ba, amma zan roƙe shi alƙawarin da ƙanwarmu ta aji uku ta ambata, a gaban kowa. Malam mai adaidaita, ina da tambaya: in an yi yarjejeniyar wata, yaya ake yi da ranakun da babu lacca, ko in aka shiga yajin aiki a tsakiyar wata?

Mai Adaidaita, Rijiyar Zaki:
Wannan ita ce tambayar da take ɓata tsakanin mutane in ba a yi ta da wuri ba. Kada ku biya wata gaba ɗaya a dunƙule, ku riƙa biya mako-mako, kowace Juma'a. Ku amince cewa in ɗaya daga cikinsu ba za ta je ba, kuɗin kujerarta yana nan, tunda direba ya riga ya ƙi wani lodin saboda su. In kuwa makarantar ce aka rufe gaba ɗaya, ko hutu ko yajin aiki, yarjejeniya ta tsaya daga ranar da aka sanar da shi. Ku kuma yi maganar fetur tun farko, cewa in lita ta tashi ko ta sauka da yawa za a sake zama. Sannan ku nemi direba daga can Hotoro, ba daga nan ɓangarenmu ba, domin wanda yake kwana kusa da ku shi ne zai iya tsayawa a ƙofar gidanku ƙarfe 6:30 na safe ba tare da ya ƙona mai ya keto gari babu fasinja ba.